ƘWAƘWALWAR KAKA HUSSAINA

Shafi na 19

Masu cika min waya da "Anti Kausar shiru muke ji," ku yi haƙuri, wuta ce ba mu samu ba kwana biyu. Wannan shafin naku ne, musamman 'yar uwar da ta rubuto min cewa mahaifiyarta ma ta daina gane ta. Allah Ya ba ta lafiya, Ya ba ki ladan jinya.

*

"Tsallakewa ɗai za ta yi. Ina wahala ciki?"

Kawu Zayyanu ne ya faɗa, kansa a ƙasa, bai yarda ya dubi mahaifiyarsa da yake magana a kanta ba.

Safinatu ko fararen kayan asibiti ba ta cire ba. Daga wurin aiki aka kira ta, ta hau adaidaita ta taho, ta tarar da zauren gidansu na Bodinga cike da maƙwabta, mata kuma sun jera kai ta saman katanga. Ta tsaya tsakanin tabarmar da mahaifiyarta Nana ke zaune da kujerar kakarta, ta ware hannuwa kamar mai tare shanu.

"Kawu, ka san abin da kake faɗi kuwa? In Kaka ta tsallake Mama a gaban mutanen nan, ta amsa ita mayya ce ke nan. Mahaifiyarka ce fa!"

"Nana kuma yayata ta, ciki guda. In tsaya ina kallo ta ƙare?"

Shekara huɗu ke nan Nana na narkewa a gabansu. Da gishiri a cikin fura abin ya fara, aka yi dariya. Sai raka'o'in salla suka riƙa kuɓuce mata. Yanzu macen da ba ta cika sittin ba takan dubi Safinatu ta ce, "Ɗiyar wa ce ke?"

Ita kuwa Kaka Hussaina, da ta haura tamanin da biyar, babu abin da ya taɓa faɗuwa daga kanta. Kafin a ɗaura aure a unguwar, ita ake zuwa tambaya wa ya sha nonon wa. Ita ke raba gardamar iyakar gona. Da, baiwa ake kiran abin. Tun da Nana ta kwanta, sunan ya canja a bakin mutane. Wai hankalin ɗiyarta take sha.

Kaka dai ɓarar gyaɗarta take yi, ko kai ba ta ɗaga ba.

Sallama aka yi daga zaure.

Safinatu ta sauke numfashi. Dakta Abdulganiyyu ne, likitan da ke bincike kan tsufa da mantuwa, wanda ta roƙa ya ɗauki hoton kan Kaka da na Nana a Sakkwato watan jiya. Tun a hanya ta kira shi ta ce don Allah ya zo da sakamakon, ko bai gama nazari ba.

Ya ratsa mutane ya shigo, ya cire takalmi, ya durƙusa gaban tsohuwar.

"Inna, barka da yini. Kin gane ni?"

"Ɗan Ramlatu ta Wamakko? Wanda yac ce gyatumarshi na fama da gwiwa? Ya ƙahwar tata?"

Ya yi murmushi. "Da sauƙi, Inna."

"Kalmomin da ka ba ni ajiya ka zo karɓa?" Ta watsa gyaɗa a faifai. "Ganga, labule, ƙararrawa, lambu, hula, manomi, hanci, talotalo, gulbi..."

Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, a jere yadda ya karanta mata su a asibiti, ba ta tsallake ko guda ba. Safinatu ta ga likitan ya kasa rufe baki. Shi da ya bayar da su don a maimaita bayan rabin awa, ga shi ana dawo masa da su bayan wata.

"Tsarki ya tabbata ga Allah," ya faɗa a hankali.

"Kun jiya ko?" in ji wata ta saman katanga. "Wanga na mutum na?"

Dakta ya juya ya dubi Kawu. "Alhaji, na ji abin da ake shirin yi. Ba faɗa na zo ba. Ina roƙon ka zauna ka ga wani abu da idonka, in ka gani sai ka yanke hukunci."

Kawu ya ja turmi ya kifa ya zauna.

Likitan ya buɗe kwamfutarsa ya ɗora a kan tabarma, a inuwar darbejiya. Wani abu fari da toka-toka ya bayyana, mai lanƙwasa-lanƙwasa, ya cika ƙoƙon kai fam.

Kaka ta ajiye faifan. Ta matso har goshinta ya kusa taɓa gilashin.

"Mi na na wanga? Kamar ta ragon layya."

"Taki ce, Inna. Ƙwaƙwalwarki ke nan."

Tsakar gidan ya yi tsit. Har tantabarun da ke kan rumbu Safinatu ta ji kukansu.

"Tawa?" Tsohuwar ta kai hannu ta dafa ɗankwalinta, ta sake duban hoton. "Abin ga na cikin kaina yanzu haka?"

"Yanzu haka."

"Cikin ɗan abin ga Horo Birni take, garin da anka kai ni aure? Da rijiyarmu, da uwata, da shanun Arɗo duka?"

"Duk suna ciki."

"Allahu Akbar." Ta ja baya a hankali, muryarta ta yi ƙasa. "Ni ina ce ma ƙirji ake ajiye su. Allahu Akbar. Wanda yas saka duniya cikin ƙwarya."

Safinatu ta matso kusa da kakarta. Ta sha ganin irin hoton nan a littattafan makaranta, amma ba ta taɓa ganin mai shi na kallonsa ba.

Dakta ya bi gefen hoton da yatsa. "Kun ga wannan ɓawon na waje? Kowa in ya tsufa yakan ragu, yadda albasa ke yi in ta daɗe a rumbu. Na Inna bai ragu yadda ya kamata ba. Da ban san mai shi ba, cewa zan yi na 'yar shekara hamsin da wani abu ne. Ga kuma wannan ɗan wurin mai lanƙwasa, nan ne sabon abu ke fara sauka kafin ya zauna a kai. Nata cike yake."

"Ita ɗai ta haka cikin duniya?" wani dattijo ya tambaya daga bakin zaure.

"A'a, Baba. Akwai irinta a ƙasashe da yawa, sai dai ba su da yawa. Masana na bin su suna nazari, don a gane abin da ya kare su. Ni dai tun da na fara aiki ban taɓa zama gaban irinta ba sai yanzu."

Ya taɓa kwamfutar, wani hoton ya fito kusa da na farko.

Ba sai an yi wa kowa bayani ba. Wannan ya janye daga jikin ƙoƙon. Tsagogin sun buɗe baki baƙi ƙirin, kamar ƙasar fadama da rani.

"Na Hajiya Nana ke nan," in ji shi. "Ciwo ne, Alhaji. Yana da suna, an san shi ko'ina. Wasu abubuwa ke taruwa a ƙwaƙwalwa suna kashe ƙwayoyinta sannu a hankali. Ba hauka ba ne, ba kuma hannun mutum ba ne."

Safinatu ta juya ta dubi mahaifiyarta. Nana na can tana ninke gefen zaninta tana warwarewa, tana murmushi ita kaɗai. Hawaye suka zubo wa Safinatu, amma zuciyarta ta yi sanyi. Ta ɗauka magana ta ƙare.

Kawu Zayyanu ya miƙe tsaye.

"To ai ga shi nan."

"Ga me, Kawu?"

"Na'urar da kanta ta hwaɗi! Na tsohuwa cike, na yarinya wayam. Wanda yar rage can, ina yat tahi? Wanda yaƙ ƙaru nan, daga ina yaz zo?"

Zaure ya ɗauki guna-guni. Hoton da Safinatu ta sa aka kawo don ya wanke Kaka, shi aka juya ya zama shaida.

"Alhaji, ba a zuba ƙwaƙwalwa daga wani kai zuwa wani," in ji Dakta.

"Kai ba ka san gidan ga ba, likita!" in ji Kawu. A karon farko ya juya ya fuskanci mahaifiyarsa. "Inna, kinka ce muna Baba ya rasu can Kurmi wurin fataucin shanu. Ko ba haka kinka ce ba?"

Ya ƙara matsowa gabanta.

"Na kai albasa kasuwar Shagari, wani tsoho mutumen Horo Birni ya ji sunan ubana. Yac ce, 'Kai na ɗan Amadu? Wanda matatai tash shanye mai hankali har yab bi daji?' Gaban mutane, Inna! Baba da fari, yanzu Nana. Mi kike so in ce?"

Safinatu ta dubi kakarta, tana jira ta ƙaryata.

Tsohuwar ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga cinyarta, ta gyara zama.

"Zamna, Zayyanu."

"Inna..."

"Nic ce ka zamna. Ku kuma na bisa katanga, ku zagayo ku shigo, kada wuyanku ya ƙage. Tunda an buɗe, a buɗe duka."

Ya koma kan turmin. Mata suka fara shigowa sumumu, suna raɓewa jikin bango.

"Ubanku bai je Kurmi ba. Shekarar babban fari, wadda shanu sunka mutu, kai kana ɗan shekara huɗu, Nana ta fara ɗaukar tallan nono. Amadu mutum na mai lissahi, garken mutum goma shina riƙe da su ga kai. Sai yaf fara kiran saniya da sunan wata. Sai yaz zo shina tambayata ko an yi azahar, alhali tare munka ji kiran. Ran nan ina tuƙa tuwo yat tsaya bisa kaina yac ce, 'Baiwar Allah, ina matar gidan ga?'"

Safinatu ta toshe baki da hannu. Kalmar da Nana ta faɗa mata ke nan makon jiya, ba ragi.

"Wata sahiya yaf fita masallaci bai komo ba. Anka yi ta nema. Fulani sunka tsince shi gabas da Sifawa, ƙarƙashin wata tsamiya, rai ya yi halinshi. Nan anka rufe shi. Ni da ƙanenshi Ɗanbaba munka tahi, har yau in ka kai ni sai in nuna maka wurin."

"To don mi anka ce ke ta?" in ji Kawu.

"Don ni ta baƙuwa. Kuma don ban musa ba."

"Ba ki musa ba?"

"Da na musa, sai in hwaɗi abin da nig gani." Ta juya wajen likitan. "Ɗana, kai ka saurara, wanga naka na. Ranar da anka kai ni gidansu Amadu ina amarya, akwai wani ɗaki bayan rumbu da ba a buɗewa. Anka ce ajiya ta. Da nik kwana biyu sai nij ji tari ciki. Uwarshi ta. Mace da sauran ƙarhinta, gashinta bai gama hurhura ba, an ɗaure mata ƙahwa da zane don kada ta fita. Ni nir riƙa ba ta abinci. Kullum sai ta tambaye ni sunana, kullum in hwaɗa mata. Tana da ƙane, Salisu, mai saƙar tabarma. Shi rijiya yaf faɗa, ya mance tana nan. Kuma ita da bakinta, ranar da hankalinta yad ɗan komo, tac ce mani haka ubansu yay yi."

Dakta Abdulganiyyu ya rufe kwamfutar a hankali.

"Inna, shekarunsu fa? Kina iya tunawa lokacin da ya fara musu?"

"Duka ba wanda yak kai sittin."

"Lā ilāha illallāh," ya faɗa. "Tsatso huɗu. Inna, abin da kika faɗa yanzu, mu sai mu shekara muna nema ba mu haɗa shi ba. Akwai irin wannan ciwon da ke bin jini, yana kama mutum da wuri. Ba shi da yawa, kuma ba zan rantse ba sai an gwada jini. Amma abin da kika zana, kamanninsa ke nan."

"Kaka, me ya sa kika ɓoye?" Safinatu ta tambaya.

"Ke da kin zo duniya in ban ɓoye ba? Wa za shi auri ɗiyar gidan da anka ce hauka na bin su? Wa za shi ba Zayyanu mata? In an ce mayya, ni ɗai anka ɓata. In an ce jini, ɗiyana anka kashe. Nid dibi biyun, niɗ ɗauki mai sauƙi. Nik kwashe su munka taho Bodinga inda ba a san mu ba."

Matar da ta yi magana ta saman katanga ta ja mayafi ta rufe fuska. Dattijon bakin zaure ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Kawu Zayyanu ya sunkuya, kafaɗunsa na girgiza.

"Ban gama ba," in ji Kaka. Muryarta ta yi laushi, irin wadda Safinatu ba ta taɓa ji ba. "Zayyanu, dube ni."

Bai ɗago ba.

"Ran Juma'a ka zo ka gaishe ni, ka fita, ka komo ka sake gaishe ni. Da Salla ƙarama ka tsaya gaban ɗiyarka ta fari kana 'ke, ke', sunan ya ƙi zowa. Ka bar sayar da albasa da kanka, kac ce ido na. Ba ido na ba. Na ga uwar ubanka, na ga ubanka, na ga yayarka. Ni za ka ɓoye ma?"

Da ya yi magana, kamar ba muryarsa ba.

"Ashe kin gani, Inna."

"Tun bara."

"Shekaranjiya... na tsaya tsakiyar gonata. Gonar da nike noma tun ina saurayi. Na diba gabas, na diba yamma, ban san ina gida yake ba." Ya zame daga kan turmin ya durƙusa, ya kama ƙafafunta. "So nike ya zan maita, Inna. Wallahi so nike. Maita ana tsallakewa ta saki mutum. Wanga hwa? Ki gahwarta mani. Ki gahwarta mani."

Ta dafa kansa, mutum mai furfura a gemu, tana shafawa kamar na jariri.

Safinatu ta koma gefen tabarma. Ta zauna kusa da Nana, ta riƙe hannunta. A lokacin ne abin ya iso mata. Jinin Amadu bai tsaya a kan Nana da Kawu ba. Ta dubi bayan hannunta, inda jijiyoyi suka fito kore-kore, ta kasa ɗauke ido.

"Likita," in ji Kaka, hannunta na kan ɗanta. "Ni na gama da nawa. Abin da nit tara ya ishe ni. Ba ka iya ɗiba ka raba musu?"

"Da ana yi, Inna, da ba ke kika fara roƙo ba. Ba a yi. Akwai magungunan da ke ɗan sassautawa, akwai kula da hawan jini da barci da zama cikin mutane. Amma mai warkarwa, har yanzu nema ake."

"Ga irinmu ake neman shi?"

"Ga irinku."

"To ka nema mana. Ga ni, ga hoton."

Dakta ya girgiza kai.

"Hoto siffa kawai yake nunawa, Inna, kamar ganin rumbu daga waje. Ƙwayoyin kansu ƙanana ne, ido ba ya ganinsu sai da madubin bincike. Waɗanda suka duba na tsofaffi irinki sun tarar wasu ƙwayoyin sun fi na sauran mutane girma da lafiya. Wasu ma sun ga alamar sababbi na tsirowa, a kan mutum mai shekara tamanin."

"Sababbi?" Idanun tsohuwar suka buɗe. "Cikin tsohon kai?"

"Cikin tsohon kai."

"Ikon Allah. To ta yaya sunka gani, in ba a gani daga waje?"

Dakta ya dubi Safinatu. Ta gane abin da zai faɗa, ta girgiza masa kai da sauri. Kaka ta gani.

"Bar dibin ta. Ni nit tambaye ka."

Ya sunkuyar da kai. "Mutanen ne suka yi wasiyya tun suna da rai. Bayan sun rasu, aka ciri ƙwaƙwalwar aka duba."

"Innā lillāhi!" wani ya faɗa daga zaure. Mata suka hau salati.

Kaka Hussaina ta ɗago kai. Ta dubi Nana da ke wasa da gefen zani. Ta dubi Zayyanu a ƙafafunta. Ta dubi Safinatu, ta daɗe tana dubanta.

Sannan ta dafa bangon rumbu ta miƙe tsaye, ba tare da kowa ya kama ta ba.

"Malam Aliyu, kana nan?"

Limamin unguwar ya fito daga cikin mutanen zaure, carbi a hannu. "Ina nan, Inna."

"Madalla. Matso, kai za ka yi mani salla, gara ka ji da kunnenka." Ta kwance ɗankwalinta, farin gashinta ya bayyana a gaban kowa. Ta ɗora tafin hannu a tsakiyar kanta.

"Ku shaida. Ranar da nic cika, kada wanda ya kai ni kushewa sai an ba yaron ga abin da ke cikin nan."

Carbin Liman ya faɗi ƙasa.